Ƙwai Ɗaya Daga Kwandon Kasuwa

A ƙauyenmu da ke saman tafkin Titikaka
sanyi ke riga kowa shiga aji.
Ni ke bi masa, da alli a aljihu,
sai yara, hanci na tsiyaya,
sai can, bayan an gama kiran suna, Delfina.

Tafiyar awa biyu take yi, tudu da gangare,
ba komai a cikinta sai ruwan shayi
da guntun burodin shekaranjiya.
Kafin in kai bakwai sau takwas
kanta ya kwanta a kan benci
kamar tulun da aka jingine.

Sau uku ina rubuta mata sifili.
A raina na ce, wannan ƙwarya ce mai yoyo,
abin da ka zuba da safe
kafin rana ta take ya tsiyaye.

Ranar da malamar asibiti ta zo da jakarta
ta soki kowa a ɗan yatsa,
ta ja fatar idon Delfina ƙasa:
fari fat, kamar cikin ɓawon ƙwai.
Ta ce, "Jininta ya yi ƙasa, malam.
Fitila kake yi wa faɗa, ba ka duba mai ba."

Ran Asabar na hau tudun da ƙafata.
Kaji goma sha ɗaya a tsakar gida,
ƙwansu kaf na kwandon kasuwar Puno ne,
kuɗin ya dawo ya zama taliyar leda da lemon kwalba.
Da dare kuwa, wayar yayanta Wilmer
ke haske fuskokinsu har tsakiyar dare ta gota.

Amma abin da ya tsayar da ni a bakin ƙofa
kakarta ce, Eusebia, masaƙa ɗaure a ƙugu,
yana ta rufe mata ido,
jikar ce ke yi mata gani.
"Ɗaga uku, bar biyar, ja biyu, baƙi ɗaya.
Zare saba'in da biyu ne, kaka,
kin tsallake guda."
Ba takarda, ba alli.
Tsuntsun tafki na fitowa a jikin ulu,
ƙafa, sai fiffike, sai baki,
daga cikin kan da na ce yana yoyo.

Na cire hulata, ban san dalili ba.

Uwarta Rosaura ba ta yi mini da sauƙi ba.
Ta ce, "Ƙwai kuɗi ne, malam,
albashinka ba ya kwana a akurki."
Muka yi ciniki kamar masu sayen rago
har muka tsaya a kan ƙwai ɗaya kullum,
shi ma mafi ƙanƙanta.
Hanta, in an yi yanka.
Ƙananan kifin tafki, da kai da ƙaya.
Maganin ƙarin jini mai ɗanɗanon ƙusa.
Waya ta kwana a cikin tukunya, a rufe,
Wilmer ya yi sati bai gaishe ni ba.

Ni ma aka yanka mini nawa:
na ɗaura zare tsakanin ƙafafun benci,
yara suka riƙa lissafi da yatsu goma,
aji ya zama kamar gidan gizo-gizo.

Wata guda, shiru.
Wata biyu, ta daina kwanciya, sai hamma.
Aka haƙe dankali, aka shanya shi a raɓar dare,
har yau a makare take zuwa,
tudu dai bai rage tsawo ba.

Sai wata Laraba, ina rarraba lamba a allo,
na juya musu baya, hannuna duk alli,
na ji murya daga bencin ƙarshe,
ba ƙarfi, ba tsoro,
irin wadda ake yi wa tsohuwa magana:

"Malam, ka tsallake guda."

Na duba.
Na tsallake kuwa.