Kwalba Arba'in da Ɗaya

Shekara talatin ina tuƙa jirgin ƙasa
ta gefen lambunan nan na bayan Plovdiv,
ina leƙowa ta taga, ina yi wa tsofaffi dariya,
sun duƙa kan kabeji kamar masu neman allura.
Yau ga ni a duƙe.
Jirgin ƙarfe huɗu ya wuce, yaron da ke tuƙi ya ɗago mini hannu.
Na san abin da ke ransa.

Kunya goma sha biyu ce duk gonar,
taku ashirin ka ci karo da shingen Blagoy.
Tumatir a gabas, tattasai a tsakiya,
tafarnuwa a bakin rijiya, inda Tsvetanka ta ce.
Ban taɓa tambayar dalili ba,
yanzu kuwa babu mai amsawa.

Irin nata ne. Ta shanya shi, ta ƙulle a tsumma,
ta ajiye cikin gwangwanin shayi.
Na shuka a watan Maris, bisa taga, a fasassun kofuna,
suka fito da dogon wuya kamar 'ya'yan zalɓe.
Dodon koɗi ya cinye latas ɗina dare ɗaya,
ƙanƙara ta zubo a Yuni ta huda ganye,
duk da haka Satumba ta iso niƙi-niƙi da kaya,
ja wur, har sanduna suka rusuna.

Blagoy ya ce gishirina ya yi kaɗan.
Tsohon malamin lissafi ne, komai sai da sikeli.
Ita da tafin hannu take awo,
tafin nata kuma bai kai nawa ba,
to ina zan samo ma'auni?

Kwana uku muna gasa tattasai kan faifan ƙarfe,
ƙamshi ya tona mana asiri har bakin titi.
Fata ta ƙone baƙi ƙirin, mu saɓule ta da yatsu,
farcena har yau bai koma fari ba.
Tukunya na tafasa tana tofa mana ja a hannun riga,
muciya ba hutu, kafaɗa ta yi tsami,
Blagoy na juyawa yana ba ni tarihin gwiwarsa.

Kwalba arba'in muka cika,
muka jera su a tukunyar wanki, tsumma a tsakani,
ruwa ya sha kansu, wuta ta yi aikinta.
Da dare ina kwance ina jin hucewarsu,
kowane murfi ya lotsa ya ce ƙwas.
Na ƙirga talatin da bakwai, barci ya sace ni.
Da safe uku sun ƙi kamawa.
Su muka fara ci a tsaye, da burodi da farin cuku,
bai sake zancen gishiri ba.

Na sauka ɗakin ƙasa, matakala tara, fitila a hannu.
Kokwamba na kwance cikin ruwan gishiri,
albasa a kitse tana lilo,
gangar kabeji da dutsenta suna jiran Nuwamba.
Can ƙuryar kanta ta sama akwai guda ɗaya,
ƙura ta hau mata kafaɗa,
rubutu ya jingina hagu:
"Mai yaji. Ta Ralitsa ce. Zdravko, cire hannunka."

Ralitsa na Hamburg. Ta ce sai hunturu,
in asibiti sun sake ta.
Na goge ƙurar da bakin riga, na mayar,
na jera nawa a ƙasa da ita,
rubutuna kamar kaza ta yi tono.

Rediyo ya ce gobe raɓa za ta daskare,
ga sauran ɗanyen tumatir kore shar a reshe.
Blagoy ya ce a jiƙa su a ruwan tsami.
Ita takan naɗe su a jarida ta tura ƙarƙashin gado,
su nuna ɗaya bayan ɗaya har Disamba.

Bari in je neman jarida.