Takardar Ƙosai

Ran kasuwar Gujungu, da hantsi,
Tabawa ta ƙunsa min ƙosan ɗari biyu
a shafin wani littafi da ya rasa mai shi.
Na cinye, zan goge hannu,
sai ga mutum yana kallona ta cikin maiƙo.

Bature ne, zanen fensir,
fuskar saurayi, kai kuwa fari fat.
Malam Ɗahiru na firamare ya ɗaga takardar ga rana,
ya ce, "Gashin aro ne, gari suke barbaɗa masa.
Wannan ya fi shekara ɗari biyu a ƙarƙashin ƙasa."
Na ce, "Gari? Har a shekarar da hatsi ya yi wuya?"

Ni tela ne, ban daɗe a kan fuska ba.
Maɓallai na ƙirga: goma sha huɗu,
uku kaɗai ke aiki, sauran fahariya.
Leshi ya sauko ya rufe yatsu
don kowa ya sani
wannan hannu bai san ƙotar fartanya ba.

Ai mu ma muna jin wannan yare.
Wata bakwai Baba ya yi a bakin zaure
yana zuba aska takwas
a rigar wani attajirin gyaɗa na Ringim.
Ran suna, rigar aka miƙe wa tsaye,
ita aka shimfiɗa wa buzu.
Baba yana can wajen takalma,
yana murza idon da zaren ya fara sha.

A ƙasan zanen ga sunan mai riga,
ga na ubansa, ga na gonakinsu,
mai zane ma ya maƙale nasa a lungu.
Na juya bayan takarda, na sake juyowa.
Wanda ya zura allurar fa?

Da dare na ɗauki gawayi a murhu,
na ce yau sai na zana Baba a bangon shago.
Fuskar ta ƙi zuwa.
Hannun ne ya zo,
babban yatsa da kantarsa, ɗan ali a tanƙware.
Uwargida ta leƙo da fitila, ta ce,
"Nomau, wannan rogo ne?"
Na ce mata bar shi haka nan.

Baturen kuwa na soke shi da allura a saman keke.
Kafin asuba tururuwa sun bi maiƙo,
sun fara da leshin.