Hoton Sallau

A shagona na Ƙofar Guga
akwai allo ɗaya da ba na sayarwa ba.
Katakon tsohon ƙyaure ne,
fentin kuwa ragowar na wata tifa
da na rubuta wa kirari a goshi.

Sallau ne a kai, mai gyaran agogo,
madubin aiki maƙale a idon dama,
hula ta karkace kamar tana fushi da kunne.
Kwana tara ina zaunar da shi a benci,
bai iya zama ba:
yanzu zai tashi sayen goro,
an jima ƙafa ta sage.
Da na gama ya duba, ya ce,
"Labaran, wannan hancin ai na babanka ne."
Muka yi ta dariya har mai shayi ya leƙo.

Tabon da ke girarsa ta hagu
ni na yi masa, muna yara,
a bayan ganuwa, da danƙon harbi.
Kurciya na auna.
Da na zo zana wurin
sau uku hannuna yana rawa.

Wani attajiri ya taɓa tayawa,
ya ƙara, ya sake ƙarawa.
Na ce masa fentin bai bushe ba.
Shekara ashirin da shida ke nan
bai bushe ba.

Yanzu lokaci ya kuɓuce wa Sallau.
Mutumin da ya saita agogon rabin Katsina
yana tambayar azahar bayan isha'i.

Ran Laraba jikarsa Hajjo ta kawo shi.
Ya gaishe ni gaisuwar baƙo,
har da tambayar mutanen gida.
Sai ya tsaya a gaban allon,
ya daɗe,
ya ɗora yatsa a kan tabon.

"Malam, na san wannan.
Abokinsa ne ya fasa masa gira.
Yaron kirki ne,
saiti ne kawai Allah bai ba shi ba."

Na juya ina wanke buroshin
da na riga na wanke.

Da za su tafi na miƙa masa goro.
Ya ɓare shi da farce,
ya dubi ɓarin biyu,
ya ba ni babban,
yadda ya saba.