Kwana Ɗaya a Goronyo

Motar ta yi tari sau uku a bakin kasuwa,
a na huɗu ta yi shiru.
Sahabi direba ya leƙa cikinta, ya ɗago da hannu baƙi ƙirin,
ya ce fanbel ne, sai an aiko daga birni,
sai gobe, in da rai.

Fasinjoji suka watse kamar zabi sun ga shaho.
Kowa na da ɗan'uwa a nan, ko surukin ɗan'uwa.
Aka bar ni da jakar goyona,
wadda ta kwana a tashar Kwatano, ta jiƙe a Lome,
kwana goma sha tara tana bayana
kamar ɗan da ya ƙi yaye.

Ƙarnin kifi na bi, shi ya kai ni bakin dam.
Ruwa shimfiɗe har inda ido ya gaji,
ba igiya, ba ruri,
sai kwalekwale biyu suna gogar juna a hankali.

Wani tsoho na ɗinke koma, zare a haƙori.
Arzika sunansa.
Ya ce, ina aka hito da wanga kaya?
Na ce daga bakin teku.
Ya ce, ana shan shi?
Na ce a'a, gishiri ne.
Ana ba albasa?
Na ce a'a.
Ya ciji zaren, ya tofar. To mi a kai da shi?

Na ciro waya in nuna masa yadda yake tashi tsaye,
caji ya mutu a hannuna.
Sai na zazzage aljihun jaka a tafinsa:
rairayi, tikiti yagagge, ɓawon kawa guda.
Ya ɗanɗana rairayin da bakin harshe,
ya daɗe bai ce komai ba.

Jikarsa Hassi ta kawo karfasa uku a murfin kwano,
yaji ya sha tafarnuwa har sai da na yi hawaye.
Na miƙa kuɗi, ta dubi kakanta,
na mayar da hannuna aljihu da kunya.

A rumfar albasa na kwana, jaka ce matashi.
Sauro ya karɓi harajinsa.
Can cikin dare na ji filafili yana yanka ruwa,
na kasa tuna wace ƙasa nake.

Hantsi ya ɗaga, Sahabi ya danna oda.
Na gangara da gudu in yi sallama.
Kwalekwale ɗaya ne a gaɓa.
Na ɗora ɓawon kawa a kan komar da bai gama ba,
na danne da dutse.

Yanzu muna hanyar Sabon Birni,
gwiwata a maƙale da buhun wani.
Kifin da Hassi ta ƙunsa a takardar siminti
yana ta zubar da mai
a kan rigata ta ƙarshe mai tsabta.