Ƙofar Rumbu

Shagona a Samaru, daura da ƙofar jami'a,
taku huɗu ne, da benci, da fanka mai tari.
A kan tebur na jera marafan kwalba bakwai,
kowanne da sukurori ƙanana kamar tsabar riɗi.

Da hantsi Malam Gwadabe ya kawo tasa,
baƙa, mai nauyi, ta girmi ɗan autansa.
Na kifa ta. Ga 'yar ƙofa a bayanta.
Sukuru biyu, ta buɗe baki.
Na zare mataccen rumbu kamar gyaɗa daga ɓawo,
na zura sabo.
Shayin da na aika a karɓo masa bai huce ba
ya hau babur, ya yi Kwangila.

Wanda ya ƙera wannan ya san da mutuwa.
Ya san duk abin da ke juyi zai gaji,
sai ya bar wa hannu hanya,
yadda kakana ke barin kafa a wuyan rumbu
saboda ranar da gero zai yi ƙasa.

Bayan azahar sai ga Balaraba,
'yar ajin ƙarshe a fannin noma.
Tata fara ce tas, siririya, ba ta fi faranti ba.
Babi huɗu na kundinta na ciki,
damina guda tana awon karan dawa a Shika.

Na juya gaba, na juya baya. Ba ƙofa.
Sukuru goma sha ɗaya masu kan tauraro,
biyu sun laɓe ƙarƙashin robar ƙafa.
Sai gam.
Sai in ɗaga madannai, in raba batir da mazauninsa,
in lallaɓa wata waya, silin gashin jariri,
wadda in ta tsinke sai an aika Kano.
Aka ɗauke wuta.
Na ci gaba da tocila a baki.

La'asar sakaliya na isa.
Rumbun an narke shi da dalma a jikin allo,
hatsi a cikin bango, an yaɓe, an yi fenti.
Kyan ɗan maciji.

Ta ce, "Shitu, yaya?"
Na tofar da tocilar, na rasa ta cewa.
Ta ce babi uku na wajen malaminta,
na huɗun ne, mai alƙaluman.
Ba ta yi kuka ba. Ta gyara zaman jakarta.
Na ce ta dawo jibi, zan gwada wata dabara,
alhali ni da dabarar ba mu taɓa haɗuwa ba.

Kai da ka zana ta a can nesa, cikin sanyi,
ka taɓa kallon fuskar mai jira?

Na ƙirga sukurorin. Goma.
Ana kiran magariba ina durƙushe,
ina laluben ɗayan a ƙarƙashin benci.