Huhuna Ya Manta Gida

Da asuba muka bar Kusko
a bayan motar Cirilo, ni da buhunan gishiri,
da wata mai goyo, da kaji biyu a kwali.
Hanya na naɗe dutse
kamar zare a jikin mazari.

Shekara goma sha huɗu ina Lima,
ina taka keken ɗinki kusa da teku,
inda iska take a banza, kowa ya sha ya bar saura.
Na manta a nan sama
da cokali ake auna ta.

Itatuwa suka fara ja da baya
kamar 'yan rakiyar da suka gaji.
Sai ciyawa mai tsini, sai dutse,
sai sama, shuɗiya har tana neman yin baƙi.

A mashigar tsauni Cirilo ya kashe mota,
kowa ya ɗora tsakuwarsa kan tulin matafiya.
Na sunkuya in ɗauki tawa,
ƙasa ta juya da ni,
haɓo ya ɓalle, ja a kan farar ƙanƙara.
Mai goyo ta ce, "Baƙuwa ce ke?"
Na ce a nan aka yanke min cibiya.
Ta dubi takalmina.
Ba ta ƙara cewa komai ba.

Inda sawun taya ya ƙare
nan na tarar da kakata Eleuteria,
'yar guntuwa ƙarƙashin faffaɗar hula,
tana tafe tana kaɗi, ko kallon hannu ba ta yi.
Ta fizge jakata ta saɓa.
Tamanin da ɗoriya gare ta,
ni talatin da biyu,
ga ni a bayanta ina haki kamar zugazugi,
taku goma in tsaya,
in yi kamar tafki nake kallo.

Ta cusa min ganyen koka a kunci.
"Kar ki tauna, ki bar shi ya yi magana."

Garken alfaka ya ɗago wuya,
kunnuwa da jan zare,
suka bi ni da ido irin na dangin miji.

Da dare ta hura wuta da busasshen kashinsu,
ta dafa dankalin nan da sanyi ya cije, rana ta shanya,
baƙi, mai ɗanɗanon ƙasa.
Na ci uku, na huɗu ya tsaya.
Na kwance tsarabata: tabarau,
kuɗin ɗinkin wata guda cur,
don an aiko min cewa ba ta ganin bakin allura.
Ta saka, ta matso da fitila,
ta daɗe tana karanta fuskata.
"Ashe kin tsufa," in ji ta,
ta cire, ta naɗe shi a ƙyalle,
ta tura bayan tukunya.

Ban runtsa ba.
Zuciya na sakwara a kunnena,
kai kamar an ɗaure shi da waya.
Na ce, Kaka, dutsen nan ya ƙi ni.
Daga cikin bargo ta amsa:
"Fushi yake yi. Ke ce kika tafi ba sallama.
Ba ya wuce kwana uku.
Kakanki ma haka yake."

Safiya ta huɗu na fita ɗibar ruwa.
Na fasa ƙanƙarar bakin rafi da diddige,
na cika tulu, na hau, na hau,
sai a ƙofar ɗaki na tuna ban tsaya ba.

Tana zaune a rana, ta juya min baya,
tabarau a kan hanci,
tana zura zare a allura,
tana zagin wanda ya ƙera ta da ƙaramin ido.