Ƙidaya Kafin Tifa

Kwana tara aka ba ni, da biro da littafi,
in ƙirga duk mai numfashi a kududdufin bayan Ja'en
kafin tifa ta iso.

Na rubuta: balbela arba'in da uku.
Zalɓe biyu, ɗaya gurgu.
Kirinjijiya sai da almuru, ba ta tsayawa a ƙirga ta.
Kwaɗi kuwa, Injiniya Nazifi ya ce in sa "da yawa",
babu layin da zai ɗauke su.

Baba Nomau na ban ruwan latas, bai ko ɗago ba.
Ya ce, "'Yar boko, kin sa gaiwa?"
Na ce ban gan ta ba.
"Ina za ki gan ta? Tana ƙarƙashin takalminki,
ta naɗe cikin laka tana cin jikinta,
tun kaka take jiran tsawar fari."
Na duba takardar sama da ƙasa.
Ba a yi wa mai jira gurbi ba.

A ofis an shimfiɗa taswira.
Nan tashar gas, nan bututu, nan manyan motoci za su juya.
Shuɗin tsakiya an zagaye shi da ja,
an ja kibiya zuwa can bayan gari:
a ci kadada ɗaya, a biya biyu.
Wai wanda ya ci bashin ruwa
da rami zai rama.

Ba zan ɓoye ba, ina son gas ɗin nan.
Hayaƙin icce ne ya sha idon Innata,
shekara talatin tana durƙushe gaban murhu a Gwale,
yau da tafin hannu take gane fuskata.
Na sa hannu.
Biron bai yi nauyi ba,
wannan ne ya ba ni tsoro.

Jan marmara, tifa bayan tifa.
Bado ya tafi furensa a buɗe.
Da dare unguwa ta yi tsit,
har Tabawa mai ƙosai ta kasa runtsawa;
ashe kwaɗi ne ke rufe mata ido shekara da shekaru.

Sabon tafkin kuwa, tubarkalla,
kusurwa huɗu cif, an kewaye da waya,
ga allo da hoton tsuntsun da bai san hanyar Kano ba.
Ruwan na zaune kamar baƙon da ba a yi wa maraba ba.
Ko sauro sai da ya yi shawara.

Sai Agusta.
Ruwan sama bai halarci taron ba,
ba wanda ya nuna masa kibiya.
Ya gangaro ta inda kakansa ya saba,
ya tarar da kankare, ya tsaya, ya waiga,
ya shiga zauren Tabawa ba sallama,
ya ɗaga tabarma ya kwanta.
Katanga uku suka durƙusa a layin.

Wata Asabar na ga Baba Nomau ya tare adaidaita.
Bokiti shida na busasshiyar laka,
da dare ya haƙo ta kafin tifa, ya ɓoye a soro.
Mai gadi ya ce ina takarda.
Na zaro katin aikina;
ranar ce ya fara yi mini rana.
Muka juye a gefen ruwa.
Ɗan jim, wani curi ya tsage,
wani abu ya miƙe, ya yi hamma, ya nutse.
Baba bai ce komai ba, ya wanke bokitinsa.

Yau da hantsi, zalɓe a kan waya.
Ba gurgun ba ne.
Na buɗe littafi na rubuta: ɗaya.

Tabawa na can ɗakin 'yarta a Ɗorayi,
kaskon suyarta a kife.
Na sake duba takardar.
Ita ma babu gurbinta.